Karlton Watkins, Mai Ɗaukar Hoton Duwatsu

A ƙasar Amurka, can yamma cikin jihar Kaliforniya, akwai wani kwari da ake kira Yosemiti. Tsawonsa wajen mil 7 ne, faɗinsa kuwa wajen mil ɗaya. Wani kogi mai suna Marsed ya ratsa ta tsakiyarsa, manyan duwatsu kuma sun tsare shi dama da hagu kamar ganuwa. Mutane miliyoyi sukan je kallon wannan wuri kowace shekara, kuma ba wanda ke da ikon ya saye shi ko ya kewaye shi da shinge ya ce nasa ne. Cikin waɗanda suka jawo aka bar shi haka akwai wani mai ɗaukar hoto, sunansa Karlton Watkins. Ga labarinsa.

Ƙuruciyarsa

An haifi Watkins ran 11 ga watan Nuwamba, shekara ta 1829, a wani ɗan gari da ake kira Oniyonta cikin jihar Niyu Yok, a gabashin Amurka. Shi ne babba cikin 'ya'ya takwas. Ubansa kafinta ne, yana kuma da masaukin baƙi. Sa'ad da aka haife shi ba a fara sana'ar ɗaukar hoto ba tukuna. Yana da shekara tara, cikin 1839, wani Bafaranshe mai suna Dager ya bayyana wa duniya dabarar kama surar abu bisa farantin ƙarfe da taimakon haske.

Cikin shekara ta 1848 aka gano zinariya a Kaliforniya. Nan da nan labari ya game duniya, mutane suka yi ta kwarara can daga ko'ina, kowa yana sa ran ya yi arziki dare ɗaya. Watkins ma ya bi sahu cikin 1851, yana da shekara 21. Ya tafi tare da wani ɗan garinsu mai suna Kolis Hantington, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu hanyar jirgin ƙasa na Amurka. Watkins bai sami zinariya ba. Ya yi aiki a kantin Hantington a garin Sakaramento, ya taɓa kafinta, daga nan ya koma birnin San Faransisko ya zama yaron kanti a wurin wani mai sayar da littattafai.

Yadda ya shiga sana'a

A San Faransisko ya saba da wani mai shagunan ɗaukar hoto, sunansa Robat Bans. An ce wata rana ma'aikacin ɗaya daga cikin shagunan ya bar aiki ba sallama, sai Bans ya roƙi Watkins ya riƙe wurin kafin a sami wani. Watkins bai taɓa riƙe kyamara ba, amma ya yarda. Ya mai da hankali ya koyi aikin, har ba da daɗewa ba ya gwanance, aka bar masa shagon. Wannan ya faru wajen shekara ta 1854.

Yawancin masu ɗaukar hoto na zamanin a cikin ɗaki suke aiki, mutum ya zo ya zauna bisa kujera a ɗauki fuskarsa ya biya. Shi Watkins hankalinsa ya fi karkata waje. Ya fara karɓar aikin ɗaukar hoton filaye da ramukan haƙar ma'adini. Waɗansu daga cikin hotunan nan har gaban alƙali aka kai su, don su zama shaida cikin shari'ar iyakar ƙasa. Irin wannan aiki ya koya masa ya nemi wurin tsayawa da zai nuna abu duka sarai, yadda wanda bai je wurin ba zai gane shi.

Wahalar ɗaukar hoto a zamanin dā

Yau yaro ma yana iya ɗaukar hoto da wayar hannu kafin ƙiftawar ido. A zamanin Watkins aiki ne ja. Bisa gilashi ake ɗaukar hoton. Da farko mai aikin zai goge gilashin tas, kada ko ƙwayar ƙura ta saura. Sa'an nan ya zuba masa wani magani mai danƙo da ake kira kolodiyon, ya riƙa karkata shi har maganin ya bi ko'ina daidai. Daga nan ya shiga wuri mai duhu ya tsoma gilashin cikin ruwan wani magani na azurfa, wanda ke sa shi ya riƙa jin haske. Sai ya rufe shi cikin wani siririn akwati, ya kai shi kyamara, ya buɗe idon kyamarar na ɗan lokaci, ya rufe, ya koma da sauri cikin duhu ya wanke hoton.

Dole ne a gama duk wannan tun gilashin yana da danshi, wato cikin minti goma zuwa goma sha biyar. In ya bushe, aiki ya lalace. Saboda haka duk inda mai hoto za shi, ko bisa ƙwanƙolin dutse ne, sai ya tafi da tantinsa mai duhu, da kwalaben magani, da ruwa mai tsabta.

Abin da ke fita bisa gilashin juyayye ne, wurin haske ya yi baƙi, wurin duhu ya yi fari. In an koma gida sai a ɗauko takarda wadda aka shafa wa farin ƙwai da gishiri da maganin azurfa, a shimfiɗa ta ƙarƙashin gilashin, a kai rana. Hasken rana ne ke fitar da hoton sosai bisa takardar. Da gilashi ɗaya ana iya buga hoto sau da yawa, don haka gilasan nan su ne jarin mai hoto.

Wani abu kuma, a lokacin girman gilashi shi ne girman hoto. Wanda ke son babban hoto sai ya nemi babban gilashi da babbar kyamara. Watkins ya ga ƙaramin hoto ba zai nuna girman dutse ba, sai ya sa wani kafinta ya ƙera masa wata ƙatuwar kyamara mai ɗaukar gilashi na inci 18 a faɗi da inci 22 a tsawo.

Tafiya Yosemiti

Cikin watan Yuli na shekara ta 1861 Watkins ya kama hanyar Yosemiti. Tsakanin kwarin da San Faransisko kusan mil 200 ne, kuma a wancan lokaci babu hanyar keken doki da ta shiga cikinsa, sai 'yar turba mai bin gefen duwatsu. Kayansa sun kai nauyin wajen tan ɗaya, ya ɗora su bisa alfadarai kamar goma sha biyu. Ku duba irin haɗarin da ke ciki. In alfadari ɗaya ya yi tuntuɓe da akwatin gilashi, wahalar kwana da kwanaki ta tashi a banza.

Da ya isa ya iske abubuwan mamaki. Akwai wani dutse mai suna El Kapitan, wanda ya miƙe tsaye kamar bango har wajen ƙafa 3,000 daga gindinsa. Akwai wani mai kama da ƙwarya a kife wadda aka tsaga biyu aka ɗauke rabi. Akwai ruwa da ke zubowa daga bisa dutse hawa uku, daga sama zuwa ƙasa ƙafa 2,425. Kudu da kwarin kuma akwai kurmin Mariposa, inda itatuwan da ake kira sekwoya suke. Babu irin itacen da ya fi su girman jiki a duniya, ko kuka da rimi ba su kama ƙafarsu ba. Ɗaya daga cikinsu, wadda Watkins ya ɗauki hotonta, tsawonta ya wuce ƙafa 200, masana kuma sun ƙiyasta shekarunta sun kai wajen 3,000.

Ya yi makonni a wurin yana aiki. Yakan tashi da asuba, tun iska ba ta taso ba, gama in ganye ko ruwa ya motsa sa'ad da idon kyamara ke buɗe, hoton sai ya yi dishi-dishi. Yakan hau dutse da kaya ya kafa tanti, ya jira haske ya faɗo inda yake so. Ƙura tana ɓata masa gilashi, zafin rana yana busar da magani kafin lokaci. Duk da haka ya komo San Faransisko da manyan hotuna 30, da waɗansu ƙanana 100. Su ƙananan bibbiyu ake ɗaukarsu gefe da gefe, in an leƙa su ta cikin wani abin kallo mai ido biyu sai mutum ya ga kamar yana tsaye a wurin.

Mutanen kwarin

Akwai abin da hotunan nan ba su nuna ba. Yosemiti ba kufai ba ne. Tun shekaru aru-aru kafin zuwan Turawa akwai mutanen asalin ƙasar da ke zaune ciki, ana ce da su Awanici, kwarin kuwa suna kiransa Awani. Suna farauta, suna kamun kifi, suna tara 'ya'yan itacen oak su niƙa su yi abinci. Cikin 1851, shekarar da Watkins ya zo Kaliforniya, wata rundunar Turawa masu ɗauke da bindigogi ta shiga kwarin, ta ƙone gidajensu da rumbunansu, ta kore su tare da sarkinsu Tenaya. Waɗansunsu sun komo daga baya, amma da wuya ka ga mutum cikin hotunan Watkins na kwarin. Wannan ya sa masu kallo da yawa suka zaci ba a taɓa zama wurin ba. Ya kamata mai kallon hoto ya riƙa tunawa, abin da aka nufa da kyamara kaɗai yake gani.

Gani ya kori ji

Kafin tafiyar Watkins, mutanen gabashin Amurka sun sha jin labarin Yosemiti daga bakin matafiya, amma da yawa suna ɗauka ƙari ne irin na mai dawowa daga nesa. Cikin shekara ta 1862 aka baje hotunansa a wani gidan nuna zane-zane a birnin Niyu Yok. Malamai da marubuta da manyan mutane suka gani, suka tabbata ashe abin da ake faɗa gaskiya ne.

A lokacin nan kwarin yana cikin haɗari. Waɗansu sun fara kama filaye a ciki suna cewa nasu ne. A wani kurmi na Kaliforniya kuma an riga an sare wata babbar sekwoya, an kuma ɓare bawon wata don a kai birane a nuna a karɓi kuɗi. Masu hangen nesa suka ga in ba a yi wani abu ba, Yosemiti ma haka za ta same shi.

Farkon shekara ta 1864 wani wakilin kamfanin jiragen ruwa mai suna Raymond ya rubuta wa Jon Konnes, ɗan majalisar dattawa mai wakiltar Kaliforniya, ya roƙe shi a keɓe wurin. Ya haɗa wasiƙar da hotunan Watkins. Konnes ya kai magana gaban majalisa, aka amince. Ran 30 ga watan Yuni, 1864, Shugaba Abraham Linkon ya sa hannu a dokar, ko da yake a lokacin ƙasar tana tsakiyar yaƙin basasa. Dokar ta danƙa kwarin Yosemiti da kurmin Mariposa ga jihar Kaliforniya, bisa sharaɗin a bar su don amfanin jama'a da hutawarsu, kada a sayar da su har abada.

Wannan ne karo na farko da gwamnatin Amurka ta keɓe irin wannan wuri saboda kyansa kawai. Bayan shekara takwas, cikin 1872, aka keɓe Yalostun, wanda ya zama gandun ƙasa na farko. Cikin 1890 aka mai da ƙasar da ke kewaye da kwarin Yosemiti gandun ƙasa ita ma. Daga baya ƙasashe da yawa na duniya suka ɗauki wannan dabara.

Suna da faɗuwa

Watkins ya yi ta komawa Yosemiti. Ya yi aiki tare da masu awon ƙasa na Kaliforniya, su kuwa cikin 1865 suka sa wa wani dutse na wurin sunansa. Cikin 1867 aka ba shi lambar yabo a babban baje koli na duniya da aka yi a birnin Faris na ƙasar Faransa. A shekarar kuma ya tafi arewa jihar Oregon, ya ɗauki hotunan kogin Kolombiya. Ya buɗe babban shago a San Faransisko, baƙi daga ƙasashe dabam-dabam suna zuwa kallo da saye.

Amma duk gwanintarsa, Watkins bai iya tattalin kuɗi ba. Yana kashewa wajen tafiye-tafiye da kayan aiki fiye da abin da ke shigowa, yana cin bashi don ya cike. Cikin 1875 wani babban banki na Kaliforniya ya karye, kasuwa ta tsaya, mai binsa bashi ya ƙwace shagon da gilasan da ke ciki duka. Gilasan suka faɗa hannun wani mai hoto da ake kira Taber, ya riƙa buga su yana sayarwa da sunansa. Abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani da ya ga aikin shekara da shekaru ya salwanta haka, da sai ya karai. Watkins ya sake ɗaura kaya ya koma duwatsu, ya ɗauki wuraren nan daga farko, ya kira hotunan sabon jeri don a bambanta su da waɗanda aka ƙwace. Tsohon abokinsa Hantington ya taimake shi, yana tafiya da kayansa cikin jirgin ƙasa. Ta haka ya kai Nebada da Yuta da Arizona da Montana, yana ɗaukar hoton koguna da hamada da gonaki da ramukan ma'adini. Cikin 1879 ya yi aure yana da shekara hamsin, suka haifi 'ya mace da ɗa namiji.

Tsufa da gobara

Bayan 1890 idonsa ya fara dushewa, ciwon gaɓoɓi kuma ya kama shi. Mai hoto kuwa in babu ido babu sana'a. Ya kasa biyan kuɗin haya, har cikin 1895 shi da iyalinsa suka koma zama cikin wani tsohon taragon jirgin ƙasa da aka daina aiki da shi, suka yi wajen wata goma sha takwas a ciki. Daga baya ya sami ɗaki a San Faransisko, ya tara sauran gilasansa da hotunansa da takardunsa a wurin. 

Ran 18 ga watan Afrilu, 1906, da asuba, aka yi babbar girgizar ƙasa a San Faransisko. Gidaje suka rushe, bututun ruwa suka fashe, wuta ta kama ba ruwan kashe ta. Ta yi kwana uku tana ci, ta cinye yawancin birnin, mutum wajen 3,000 suka hallaka. Wutar ta kai ɗakin Watkins, ta ƙone abin da ke ciki ƙurmus. An ɗauki hotonsa a ran nan, tsoho ɗan shekara 76, makaho, ana riƙe da hannunsa ana fitar da shi daga unguwar.

Bai sake farfaɗowa ba. Cikin 1910 aka kai shi asibitin masu taɓin hankali a garin Napa. A nan ya mutu ran 23 ga watan Yuni, 1916, yana da shekara 86. Aka binne shi a filin asibitin, ba a ko sa alama bisa kabarinsa ba. Bayan wata biyu da mutuwarsa gwamnatin Amurka ta kafa hukuma ta musamman mai lura da gandayen ƙasa, Yosemiti yana cikin wuraren da aka ba ta tsaro.

Abin da ya bari

Ko da yake yawancin gilasansa sun ƙone, hotunan da ya riga ya buga ya sayar sun watsu a hannun mutane, wuta ba ta kai gare su ba. Da aka daɗe masana suka shiga tattara su, suna tantance nasa daga waɗanda aka sa wa sunan wani. Yanzu ana ajiye su a manyan gidajen tarihi da ɗakunan karatu na Amurka, ana kuma lissafa shi cikin manyan masu ɗaukar hoto na zamaninsa. Masu binciken ƙasa sukan gwada hotunansa da na yanzu, don su ga inda itatuwa suka ƙaru da inda kogi ya sake hanya. Cikin 1984 aka sa Yosemiti cikin jerin wuraren gado na duniya.

Watkins bai tara dukiya ba, bai kuma riƙe sarauta ba. Sana'arsa ya riƙe da gaskiya, ya jure hawan dutse da ɗaukar kaya don hoto ya fita daidai, aikin nan kuwa ya taimaka aka tsare wuri mai kyau don waɗanda ba a haifa ba tukuna. Har yau itatuwan Mariposa suna nan tsaye, dutsen da aka sa wa sunansa kuma yana nan a gabashin kwarin.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka haifi Watkins, me kuma ya kai shi Kaliforniya?
2. Don me mai ɗaukar hoto na zamanin dā yake tafiya da tanti mai duhu?
3. Me ya sa Watkins ya sa aka ƙera masa babbar kyamara?
4. Su wane ne ke zaune a kwarin Yosemiti kafin zuwan Turawa, me ya same su cikin 1851?
5. Wane sharaɗi dokar 1864 ta kafa a kan kwarin?
6. Faɗi hasara biyu da suka sami Watkins, da abin da ya yi bayan ta farko.
7. Wane wuri ne kusa da garinku kuke ganin ya kamata a tsare shi? Rubuta dalilinku.